Duwatsun Kutus, masaukin farar angulu

Matafiyin da ya bar Gure ya nufi arewa, bayan ya sha rairayi sai ya hangi duwatsun Kutus a tsaye kewayen garin Kelle. A kogunan waɗannan duwatsu ne maiki da farar angulu suke sheƙa, inda hannun mutum ba ya kaiwa da sauƙi. A gindinsu kuwa rijiyoyin makiyaya ne, kuma inda garke yake taruwa ba a rasa mushe.

Farar angulun da ake gani a wannan yanki ba dukanta ce ƴar gida ba. Da kaka wasu suke tasowa daga Girka da Bulgariya, su ƙetaro hamada, su sauka a kudancin Nijar. Ƙananansu sukan yi fiye da shekara guda a Afirka kafin su koma inda aka ƙyanƙyashe su. An gano haka ne ta wata ƴar na'ura da masana suke ɗaura musu a baya, wadda ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam.

A 2013 aka ɗaura wa wata irin wannan na'ura a dajin Dadiya na Girka, aka raɗa mata suna Paskalis. Ta iso jihar Damagaram lafiya, ta yi watanni. A Fabrairun 2014 wani mahalbi daga Najeriya ya kashe ta domin kasuwar masu tsibbu.

Asarar ta daɗe da somawa. Masanin tsuntsaye Jan-Mark Tiyole ya ƙidaya su a kan hanyoyin Mali, Burkina da Nijar daga 1969 zuwa 1973, ya maimaita a 2003 da 2004. Sai ya tarar manyan angulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandayen daji. Ban da halbi, akwai gubar da ake zuba wa mushe saboda dila da kura.

Don haka ne tsakanin 2017 da 2022 ƙungiyar Sahara Conservation da ma'aikatan gandun daji suka riƙa ƙidayar sheƙa a Kutus, suna zama da mahalba da bokaye. Makiyayi ma yana da ruwa a ciki: ranar da angulu ta ƙare, mushe zai ruɓe a bakin rijiyar da garkensa yake sha.