Dausayin Hadejia-Nguru, inda tsuntsu ba ya jiran mai kyamara

Tsakanin Jigawa da Yobe, kogin Hadejia da na Jama'are sukan malala su bar tafkuna da fadamu. Wannan shi ne dausayin Hadejia-Nguru. Da hunturu, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye kan ƙetaro Sahara daga Turai, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya, ɗinya, zalɓe da belbela. Saboda su ne aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin Ramsar masu muhimmanci a duniya a 2000.

Na je Dagona, a ƙaramar hukumar Bade, da kyamarar aro. Zuwa yanzu ban ga aikin da ke gwada haƙurin mutum kamar ɗaukar hoton tsuntsu ba.

Haske ne wahala ta farko. Lokacin da baƙin suka fi yawa, lokacin ne hazo ke rufe sama, sai hoto ya fito fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Da hantsi ya ɗaga kuma, rana na ƙyalli a kan ruwa. Dole a yi sammako, ko a jira bayan la'asar.

Sai kwalekwale. Madubin da ke jawo nesa kusa yana ƙara girman kowane motsi, mai tuƙi na dogara gora, hoto ya ɓaci. Ga kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke zuwa. Kana jin kukan kirinjijiya a bayanta, amma ba ka ganin ko gashinta. Wannan ciyawa ce kuma ke cinye wa masunta da manoma wurin neman abinci.

Idan jira ya yi tsawo, wani zai ce a tafa hannu ko a yi jifa, garken ya tashi, a samu hoto mai kyau. Don Allah kada ku yarda. Tsuntsun da ya ƙetaro hamada kiwo yake yi, yana tara kitsen da zai mayar da shi gida. Duk tashin firgita, daga guzurinsa aka ɗiba. Ku sa kaya marasa ɗaukar ido, ku zauna shiru. Idan sun daina ci sun ɗaga wuya, kun matso da yawa.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ga tawa shawarar: kada a bar yara su shiga ruwan, domin a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya. A kuma tafi da gidan sauro.

In kun kai iyali, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku biya shi da kyau. Shi ya san gefen da ɗinya ke kwana.