Ɗan aiken da na ɗauka don ya riƙa kawo min amsar Wordle

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya wuce. Tun shekaranjiya ƙannenmu biyu 'yan aji ɗaya suke damuna da saƙo, wai in turo musu "abin nan mai kawo amsar Wordle". Na ga gara in amsa a fili kowa ya ji.

Ga wanda bai san Wordle ba: wasa ne na canki-canki da kalmar Turanci mai harafi 5. Sau 6 kawai za ka gwada. Harafin da ka saka a gurbinsa zai zama kore, wanda yake cikin kalmar amma ka ajiye shi a wani gurbi ya zama rawaya, wanda babu shi ya zama ruwan toka. Kalma ɗaya ce tal a rana. Wani injiniya mai suna Josh Wardle ne ya ƙirƙiro shi, ya sake shi ga jama'a a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022.

Ni na fara shi lokacin dogon yajin ASUU na 2022, wata takwas muna gida ba aikin fari ba na baƙi. Kuma ba don nishaɗi na fara ba. Duk ɗan Arewan da ya yi karatu a Jami'ar Ibadan ya san shirun nan da aji yake yi in ka ɗaga hannu, ana jira a ji ko za ka mayar da "p" ta koma "f". Ba kowa ke da mugun nufi ba, amma kana ji a jikinka. Sai na ɗaura wa kaina ƙa'ida: duk kalmar da ta fito ban san ta ba, sai na duba ƙamus na rubuta ta a bayan littafina. A haka na san CAULK, wato toshe tsaga don kar ruwa ya shiga. Har yau ban samu inda zan yi amfani da ita ba, amma dai tana nan.

Da muka dawo, na tarar 'yan ajinmu sun buɗe guruf a WhatsApp, kowa yana tura sakamakonsa da safe. Mu goma sha wani abu ne, ni kaɗai ne Bahaushe. Kullum 4/6 ko 5/6 nake yi, a cikin Micra daga Ojoo zuwa ƙofar makaranta, an matse mu mu biyu a kujerar gaba.

To a watan jiya abokin ɗakina, ɗan sashen kwamfuta, ya saka min wata manhajar AI irin wadda ba hira kaɗai take yi ba, aiki kake ba ta ta shiga intanet da kanta ta yi. Ni ɗan aike nake ce mata. Ba zan faɗi sunanta ba, irinsu suna da yawa. Ya ce, "Mutumina, kana ɓata minti ashirin kullum a kan abin da wannan zai kawo maka cikin daƙiƙa goma." Na ce gwaji kawai zan yi. Kun dai san yadda gwaji yake ƙarewa.

Sati biyu cif na yi da shi, kuma na riƙa rubutawa. Cikin kwana 14, ya kawo daidai sau 11. Da farko na ɗauka warware wasan yake yi. Ina! Da na buɗe matakan da yake bi, sai na ga shafukan da ke buga amsa kullum yake leƙawa ya kwafo. Yaron da ka aika ya leƙo takardar na kusa da kai ke nan, bai san komai a kan tambayar ba.

Sau biyu ya kawo min amsar jiya, kuma dalilin ya ba ni sha'awa. Wordle yana canja kalma da ƙarfe 12 na dare a agogon ƙasar da kake. In na buɗe da sha biyu da rabi a nan Ojoo, mutanen New York suna cikin yammacin jiya, awa 5 ko 6 ce tsakaninmu, shafukansu ba su juya ba tukuna. Ɗan aikena ya ga an rubuta "amsar yau" ya suro. Kowace rana tana da lambarta a wasan, da ya duba lambar da bai faɗa ramin ba, amma sai ka ce masa ya duba. Na ukun ya fi ba ni haushi. Ranar sabis ya yi rauni, shafin bai buɗe masa ba, maimakon ya ce bai samu ba sai ya ƙirƙiro wata kalma ya miƙo min da cikakken ƙarfin hali. Na saka, ko rawaya ɗaya babu.

Na kuma jarraba shi da Hausa, na ce ya ba ni kalmomi masu harafi biyar. Ya kawo "ƙwarya" da "tsutsa" a ciki. Ku ƙirga da kanku. Abokin ɗakina ya ce irin waɗannan manhajojin ba harafi-harafi suke ganin kalma ba, gutsure-gutsure suke ganinta, shi ya sa ƙirga ke ba su wuya.

Amma wallahi ba kuskurensa ne ya dame ni ba, ranakun da ya yi daidai su ne matsalar. Saboda kar a gane, sai in fara saka ADIEU kamar kowa, in ɗan jira, sannan in saka amsar. 2/6, 3/6, 2/6. Guruf ya ɗauki zafi. Wani ya rubuto cewa ashe Aboki ya fi su Turanci. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi har cikin raina. Shekara nawa ina jiran wani ya faɗi haka.

Ranar Alhamis bayan lakca, wata 'yar ajinmu Bayarabiya, mai mutunci ce ƙwarai, ita take ara min littafinta in na yi latti, ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce kalmar yau ta kayar da ita, don Allah mene ne ma'anarta? Na tsaya. Ni da na tura 2/6 da ƙarfe bakwai na safe, ban ma iya tuna harafin farko ba. Na ce ina sauri zan yi sallah. Ta ce to, ta yi murmushi. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da daddare na zauna wurin mai shayinmu na bakin tasha, inda direbobin tirela masu haurawa Arewa ta Ilorin da Jebba suke hutawa. Na buɗe bayan littafina, na ga kalma ta ƙarshe da na rubuta tun kafin a saka min manhajar ce. Sati biyu babu ko layi ɗaya. Mai shayi ya ga na yi tagumi ya ce, "Malam ɗalibi, jarabawa ce?" Na ce a'a Baba, wasa ne. Ya ce, "Wasa kuma ya hana ka shan shayi?" Ya ƙara min madara bai karɓi kuɗinta ba.

Ban goge manhajar ba, kar in cika baki. Tana min amfani wurin nemo takardun da zan karanta, ko da yake yanzu duk abin da ta kawo sai na buɗe inda ta samo shi na gani da idona. Ku kuma ƙannena masu neman a turo muku, ba zan turo ba, ku yi fushi in kun ga dama. In kalma ta gagare ku ku same ni a Sabo bayan Juma'a mu yi ta canka tare, tsire a kaina.

Jiya na gaya wa guruf gaskiya, kai tsaye ba kwana-kwana. Mutum uku suka turo alamar dariya, ɗaya ya ce dama ya sani, ita kuma ba ta ce komai ba. Yau da safe a cikin Micra na yi da kaina, har muka wuce Orogun ina neman harafi na uku. X/6 na tura, na faɗi warwas. Na rubuta kalmar a bayan littafi.