Horo Iri Biyu: Karen Farautar Kanya da Maɗaurin Lantarki

Kalmar horo fuska biyu gare ta a Hausa. Idan aka ce an horar da sojoji, koyarwa ake nufi. Idan aka ce an yi wa yaro horo mai tsanani, kowa ya san jikinsa ya gaya masa. Harshen ya zuba ilimi da azaba a ƙwarya ɗaya, har mun saba ɗaukar cewa duk inda aka ga biyayya, bulala ce ta kawo ta. Na daɗe ina ganin illar wannan fahimta a yadda muke tarbiyyar yara da almajirai, amma a kan kare ta fi fitowa fili, domin shi ba ya jin bayani, ba ya kuma iya kai ƙara.

Rashin tsaro ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa a Abuja da Kaduna da Birnin Kebbi, waɗanda iyayensu ba su taɓa barin kare ya tsallaka zaure ba, sun soma sayen manyan karnukan waje irin su Alseshan da Rottweiler da Boerboel. Tare da su aka samu masu sana'ar horar da kare, suna tallar kansu a Instagram da Facebook, kuma kusan kowannensu yana da maɗaurin wuya da yake sayarwa. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai sarƙar zarge, wadda ke shaƙe wuya idan aka fizga. Akwai mai haƙoran ƙarfe ta ciki, masu mintsinin fata. Sai mai batir, wanda ake danna masa rimot daga nesa ya ja kare da wuta. Alkawarin da ake yi wa mai saye guda ne: cikin mako biyu karenka zai zama kamar soja.

Duk lokacin da na ji wannan alkawari, karnukan Kanya nake tunawa. Kanya gari ne a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, cikin masarautar Zuru a kudancin Jihar Kebbi, ƙasar noma da duwatsu, inda farautar rani ta daɗe tana cikin rayuwar mutane. Dangin mahaifiyata 'yan can ne, kuma kawuna mafarauci ne mai karnuka huɗu ko biyar a kowane lokaci, irin siraran nan na gida masu tsayayyun kunnuwa. Ban taɓa ganin sarƙa a wuyan ɗayansu ba. Duk da haka fito ɗaya yake yi su juyo daga cikin ƙurmi, kuma suna ratsa garken awaki ba tare da sun ɗaga kai ba.

Yadda yake yi ba wani asiri ba ne. Kwikwiyo tun yana rarrafe yake girma a tsakar gida, cikin kaji da 'yan awaki da ƙafafun yara. Shi kaɗai ke ba shi abinci, kuma ba ya ajiye kasko sai ya yi wannan fito nasa, har fiton ya zama albishir a kunnen kwikwiyon. Idan ya tasa, sai ya bi manya zuwa daji ya ga yadda ake yi. Ranar da ya fara kama zomo ko gafiya ya riƙe bai ci ba, nan take, kafin jini ya huce, kawu zai farke cikin naman ya jefa masa kayan ciki, yana shafa kansa yana kiran sunansa. Na taɓa tambayarsa: "Kawu, me ya sa ba ka bari sai an koma gida?" Ya ce, "Ɗana, in na kai gida ai tafiyar gida na biya shi, ba kamun ba."

Wannan amsa ita ce ƙashin bayan duk abin da masana halayyar dabbobi suka gano. A 1898 wani Ba'amurke mai suna Edward Thorndike ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da kyanwoyi da karnuka a cikin akwatuna, inda ya nuna cewa aikin da daɗi ya biyo bayansa dabba takan maimaita shi, wanda kuwa wahala ta biyo baya takan rage shi. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1938. Abin da ya fito daga ayyukansu da na waɗanda suka biyo baya shi ne lokaci ne jigo. Kare yana ɗaure sakamako da abin da yake yi a daidai wannan ƙiftawar ido, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ladan da ya makara, wani aikin daban ya biya. Dukan da ya makara ma wani aikin daban ya hukunta, kuma sau da yawa aikin shi ne zuwan karen wurin maigidansa.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan fanni tun da daɗewa. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, don haka dole malamai suka fayyace wane ne horarren kare. Ma'aunin da suka kafa shi ne wanda idan aka sake shi zai tafi, idan aka tsawata masa zai tsaya. Mafi yawan mazhabobi sun ƙara da sharaɗin ya riƙe wa maigidansa bai ci ba, ko da yake Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar nan, ba ta gindaya wannan ba. Tafi, tsaya, bari: su ne dai darussa ukun da ake biyan dubban nairori a Abuja don a koya wa kare a yau.

To daga ina tsananin ya shigo sana'ar? Horon kare na zamani a bariki aka haife shi. Konrad Most, wanda ya horar da karnukan 'yan sandan Jamus, ya fitar da littafinsa a 1910, kuma tilastawa na da babban gurbi a tsarinsa. A Amurka, William Koehler, wanda ya yi wa sojoji aiki kafin ya koma horar da karnukan finafinan Disney, ya wallafa nasa a 1962, ya yaɗa fizgar sarƙar zarge a gidajen jama'a. Aka kuma jingina wannan da wata fahimta cewa kare kyarkeci ne da ke neman ƙwace sarautar gida, sai an murƙushe shi ya san shugaba. Tushen fahimtar binciken Rudolf Schenkel ne na 1947, wanda ya yi a kan kyarketai baƙin juna da aka tara a gidan namun daji na Basel a Suwizalan. David Mech, masanin da littafinsa na 1970 ya fi kowa yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya warware shi a 1999, bayan shekaru yana kallon kyarketai a dajinsu. Ya tarar garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Masanin ya janye, amma masu tallar sarƙa ba su janye ba.

An gwada hanyoyin biyu ƙafaɗa da ƙafaɗa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila suka wallafa nazari kan karnuka 63 masu ƙin amsa kira, waɗanda aka kasa gida uku. Kashi ɗaya ƙwararrun da masana'antar maɗaurin lantarki ta zaɓo ne suka horar da su da na'urar. Kashi na biyu irin waɗannan ƙwararrun ne, amma ba na'ura. Na uku masu horo da lada ne. Karnukan lada sun fi saurin amsawa, kuma sun fi amsawa tun daga kira na farko. A shekarar dai, wani nazari a Porto ta ƙasar Fotugal kan karnuka 92 ya sami alamun damuwa sun fi yawa a karnukan makarantun da ke horo da tsanani, har da hauhawar sinadarin damuwa a yawunsu bayan darasi. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta maɗaurin lantarki tun 2010.

Masu goyon bayan na'urar suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sukan ce karen da ya ɗanɗana korar tumaki ba tsokar naman da za ta juyo da shi, kuma zafin daƙiƙa ɗaya ya fi a harbe shi. A New Zealand ma hukumar kare muhalli tana amfani da irin wannan maɗauri don koya wa karnuka guje wa tsuntsun kiwi. Mutumin Kanya ya san nauyin wannan magana, domin karen da ya kashe akuyar maƙwabci ya jawo biyan diyya da zaman sulhu, kuma da wuya ya kwana da rai. Kawuna ma ba ya rasa tsawa. Idan kwikwiyo ya zabura wa 'yan tsaki, zai daka masa ita tun ƙafarsa ba ta sauka ba, ya kira shi, idan ya zo ya shafa shi. Gyara ne gajere, a kan lokaci, daga bakin wanda karen ya yarda da shi, kuma yana zuwa ne bayan an riga an nuna masa abin da ake so. Maɗaurin lantarki kuwa yana buƙatar irin wannan ƙwarewar lokaci sau ninki, sai ga shi ana sayar da shi ga waɗanda suka fi kowa rasa ta: maigida mai dawowa daga ofis a gajiye, ko maigadi mai tsoron karen.

Mutane da yawa za su ce nasu karen ya san laifinsa, tunda yakan sunkuyar da kai idan ya yi ɓarna. Alexandra Horowitz ta gwada wannan a 2009. Ta bar masu karnuka suna faɗa wa karnukansu bisa labarin da aka ba su, wani lokaci na gaskiya, wani lokaci akasin haka. Sunkuyar da kan ta bi faɗan, ko an yi laifin ko ba a yi ba. Abin da muke karantawa a matsayin nadama tsoron fuskarmu ne.

Haɗarin da ya fi damuna yana wajen gurnani. Na zauna maƙwabtaka da wani ma'aikaci mai Boerboel da ke yini cikin keji. Karen yakan yi gurnani idan yara sun matso, sai wani mai horo ya ba shi shawarar ya danna rimot duk lokacin da ya ji. Cikin kwanaki gurnanin ya ɗauke, maigidan ya yi murna. Amma gurnani gargaɗi ne, shi ne yadda kare ke cewa a ja baya. An kashe gargaɗin, an bar tsoron, an ma ƙara masa, tunda yanzu ganin yaro yana zuwa da zafi a wuya. Ranar da ƙofar kejin ta kasance a buɗe, ɗiyar mai wanki 'yar shekara shida ce ta gifta, kuma ba wanda ya ji ko da sauti kafin ya kama cinyarta. Ta rayu, amma da ɗinki da jerin allurai.

A ƙasarmu cizon kare ba rauni ba ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi yana katse yaɗuwarsa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar. Sai dai likitan dabbobi ba zai iya yi wa karen da ba ya taɓuwa allura ba. Karen da ya saba da hannu a matsayin abin alheri shi ne ake iya riƙewa.

Akwai kuma maɗaurin da ke jan kare da wuta da kansa duk sanda ya yi haushi, wanda aka ƙera don unguwannin da maƙwabci ke kai ƙarar hayaniya. A ƙasar Zuru, inda hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, har sunan Kanya ya shiga jaridu a watan Maris na 2022 bayan harin da aka kashe sojoji a cikinsa, haushin kare da tsakar dare na iya zama tazarar da iyali za su samu su shige daji. Abin da ake buƙata a irin wannan wuri, da ma a birni, shi ne kare mai rarrabe baƙo da ɗan gida, mai yin haushi a kan dalili, mai yin shiru idan an ce ya isa. Wannan rarrabewa daga zama da mutane take samuwa. Binciken John Paul Scott da John Fuller, wanda suka tattara a littafinsu na 1965, ya nuna cewa tsakanin mako na 3 da na 12 na rayuwar kwikwiyo ne yake koyon waɗanda zai ɗauka nasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kwikwiyon da ya yi waɗannan makonni a keji ya yi asarar da sarƙa ba ta mayarwa.

Ga wanda ya riga ya sayi kare, ko yake shirin saye, shawarata ba ta da tsada. Ka ciyar da shi da hannunka, ka sa kira ɗaya tak ya riga abincin. Ka ware minti 10 safe da yamma, ka biya shi nan take da ɗan nama ko ƙanzo idan ya yi daidai. Kowa a gidan, har maigadi, ya yi amfani da kalmomi iri ɗaya. Kada ka kira shi don ka doke shi, ko sau ɗaya. Idan ya yi gurnani, ka janye yaron, ka nemi dalili. Ka yi masa rigakafi, ka fita da shi ya motsa jiki. Idan kuma mai horo ya zo da jakar sarƙoƙi, ka roƙe shi ya cire wa nasa karen komai daga wuya, ya sake shi a fili, ya kira shi sau ɗaya. Yadda karen ya taho, da gudu yana kaɗa wutsiya ko a rarrafe kunnuwa a kwance, zai gaya maka wanne daga cikin horon biyu mutumin yake sayarwa.