Daga Wunti ta Bauchi zuwa Bilma a kan babur? Tsaya ka ji!

Jama'a, ashe Sahara tana bayan gidanmu! Taswira na shimfiɗa ina neman inda zan gwada Boxer ɗina in damina ta ɗauke, sai yatsa ya kama hanya ya ƙi tsayawa: Bauchi, Ningi, Birnin Kudu, Kano, Daura, a tsallaka iyaka a Kwangwalam, sai Damagaram. A ƙara wajen kilomita 450 ta Tanut, ga Agadas, ga hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa tun 1515. Kuma duk tsawon hanyar nan da Hausa za ka sayi mai, da Hausa za ka yi cinikin tuwo. Wallahi a daren ban runtsa ba.

Sai zuciya ta ce, to me zai hana Bilma, garin da kantun gishiri ke fitowa?

Nan lissafi ya juye mini. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne ta cikin Tenere, ba kwalta, ba mai faci, ba ɗan bumburutu. Tankina bai kai lita 12 ba, rairayi kuwa shan mai yake sa babur kamar ba gobe. Sai jarkoki. Ka ɗora jarkar mai, ka ɗora ta ruwa, ga tif, ga fulogi, ga sarƙa, nauyi ya danne tayar baya ta nutse. Ka rage mata iska don ta hau yashi, bakin ƙarfe ya tsinke tif. Ko ta ina ka ɓullo, an tare ka!

Abzinawa masu ayarin gishiri kuwa ba da kilomita suke auna wannan hanya ba, da rijiya suke aunawa. Suna tashi wajen Oktoba in zafi ya karye, madugu a gaba, su yada zango a Fashi. Akwai wata ƙaya guda tilo da ta daɗe tana yi musu alama kusa da rijiya, har wani direba ya banke ta a 1973. Duk faɗin Sahara, ita ya samu! Gawarta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Ni da nake ji da kaina, sai na tarar Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar, a yankin nan ya ɓace da babur a 1977, da ƙyar aka tsinto shi.

Ga kuma tsaro: manyan motoci ma cikin jerin gwano da rakiyar soja suke nufar Dirku, maƙwabciyar Bilma.

Saboda haka na yanke: babur iyakarsa Agadas, cikin hunturu, da rana kawai, kuma sai an tambayi direbobin Damagaram halin hanya. Mai babur lafiyayye da fasfo a hannu, ina neman abokin tafiya, don ni kaɗai ba zan kama hanyar nan ba.