Daga Limanti zuwa Gashaka: Kwana uku a tanti a bakin kogi

 Kwana biyu kun ji ni shiru, wasu har sun aiko suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, tafiya muka yi da iyali. Na kuwa dawo muku da tsaraba, sai dai a cikinta akwai labarin wani ganganci da na tafka da hannuna, wanda na daɗe ina shawarar ko in faɗa ko in binne shi.

Duk wanda ke Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024 ba sai an tuna masa ba. Madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da unguwannin da ke kewaye, har da tamu Limanti. A wuyan babanta 'yata ta bar gida ranar, tana da shekara shida. Ruwa ya janye, mun kwashe laka, mun sake fenti, amma ita yarinyar ba ta koma yadda take ba. Hadari ya haɗu, sai ta shige ƙarƙashin gado. A cika mata baho, sai ta ce a rage. Ko gadar kogin Ngadda za mu haye a Keke Napep sai ta runtse ido. Mun kai ta ga likita, kuma ina roƙon duk uwar da tsoro ya hana ɗanta barci ko zuwa makaranta ta yi haka, tunda muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a garin nan. Yawon buɗe ido ba ya maye gurbin likita. Amma da aka yi hutun ƙarshen shekara maigidana ya ce mu kai ta inda za ta ga ruwa yana tafiyarsa bai kula kowa ba. Haka muka shirya zuwa Gandun Dajin Gashaka-Gumti.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru. Ɓangaren Gumti na arewa fili ne da ciyawa, ɓangaren Gashaka na kudu kuwa tsaunuka ne da kurmi. A can Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ki kwatanta da Maiduguri da ba ta kai mita 400 ba, garin da in kika hau bene ɗaya kin gama ganin komai.

Kwana uku muka yi a hanya, don ba ma tafiyar dare, kuma ban ba kowa shawarar ya yi ba. Mun kwana Gombe, washegari muka bi ta Kaltungo da Numan muka kwana Jalingo, rana ta uku muka bi ta Garba Chede da Bali muka isa Serti, inda ofishin gandun yake. A gadar Numan, wajen da Gongola ke haɗuwa da Binuwai, yarinyar ta cusa kai a cinyata har muka haye. Ban ce mata komai ba. Kafin ki ɗauko yara, ki tuntuɓi ofishin gandun tun kina gida ki ji halin da hanya da tsaro ke ciki, domin abu ne mai sauyawa. Lokacin rani ne na zuwa, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna na cika, hanya ta yanke. Ba a shiga kuma sai da jami'an gandun, su ne za su nuna inda za a kafa tanti.

Daga Serti muka shiga mota mai ƙarfi zuwa ƙauyen Gashaka. Abin da ya fara kama ni shi ne inuwa. Mu da muka tashi a ƙarƙashin dogon yaro muna ganin mun san bishiya, ashe ba mu san komai ba. A bakin kogunan nan itatuwa sun haɗe kai sama, rana sai dai ta leƙo ta ƴan kafofi, ƙasa da danshi ko a tsakiyar hunturu. Ruwan garai-garai yake bin duwatsu, ana hango tsakuwar ƙasansa, a wasu wuraren kuma sai ya taru ya yi zurfi ya kwanta kamar tafki. Irin wannan wuri ne a kogin Kam ake kira tafkin dorina. Mun je, ba mu ga dorinar ba, sai sawunta a cikin laka, faɗinsa ya isa ya sa mutum ya ja da baya. Jami'in da ke tare da mu ya ce, "Hajiya, da dare take fitowa kiwo, shi ya sa ba ma kafa tanti a kan hanyarta." Can sama a kan tudu ya kai mu, inda muke jin kogi muna ganinsa amma ba mu taɓa shi.

Gwaggon biri kam mun gani har mun gaji, ɗaya ma ya yi awon gaba da ledar burodinmu. Mun ga wani irin biri baƙi mai farin gashi a gefen jiki da jela yana tsalle a ƙololuwar itace. Tsuntsaye ba a magana, an ƙidaya fiye da iri 500 a gandun. Akwai birin cimfanzi, wanda masu bincike daga ƙasashen waje suka shafe shekaru suna nazarinsa a wajen Kwano, amma ba ya nuna kansa ga mai yara masu surutu. Babban ɗana, da bai san namun daji ba sai a keji a gidan zu na Sanda Kyarimi, ya tambayi jami'in wa ke ba su abinci.

Kusa da ƙauyen akwai kangon wani sansanin Jamusawa. Nan na tuna cewa yankin nan yana ƙarƙashin Jamus ne har Yaƙin Duniya na Farko, daga nan ya koma hannun Ingila, bai zama Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Dikwa da Bama namu na Borno ma ta wannan ƙofar suka shigo. Ashe da ɗan zumunci tsakaninmu.

Yanzu ga gangancin. Daren farko sanyi ya sauko irin wanda ban shirya masa ba. Hunturun Maiduguri busasshe ne, wannan kuwa mai laima ne, yana ratsa bargo. Ni kuma 'yar Borno ce, ba na tafiya ba kaskon turaren wuta. Da yara suka fara rawar ɗari sai na ɗebo garwashi daga murhun da muka dafa shayi, na zuba a kasko, na shigo da shi tanti, na ja zif na rufe ruf. A raina minti goma kawai, tanti ya ɗumama in fitar. Gajiyar hanya ta kwashe ni.

Muryar yarinyar ce ta tashe ni. "Ummi, kaina na ciwo." Kafin in amsa ta yi amai. Na yunƙura zan tashi na ji nawa kan ya yi nauyi, jiri na ɗibata. Da idona ya sauka a kan kaskon na san abin da na aikata. Na buɗe tanti, na fitar da su waje, na ƙwalla wa babansu kira daga ɗaya tantin.

Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta gargaɗe ki. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke buƙata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa ya ji su. Garwashin da ya daina hayaƙi ya yi ja, wanda muke cewa ya nuna, yana nan yana fitar da ita. Na karanta wannan a jami'a, na rubuta shi a jarrabawa, na sha faɗa wa masu zuwa sayen maganin ciwon kai da sanyin safiya. Duk da haka na yi.

Jami'an suka kai mu Serti likita ya duba mu, Allah Ya taƙaita. Abu biyu nake so ki riƙe. Na farko, in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma akwai kasko ko kurfoti a ciki ko janareto a baranda, a fita da kowa waje nan take, a nufi asibiti ko da an ji sauƙi, domin maganinta oksijin ne, ba farasitamol ba. Na biyu, ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ba ta gane wannan guba, za ta iya nuna miki lamba mai kyau alhali jini ya gurɓata. Tawa tana cikin jaka, ban ma ɗauko ta ba. Kuma ba sai an je Gashaka ba, kowane hunturu ana kwana da garwashi a ɗakunan amare da masu jego a unguwanninmu, taga a toshe da tsumma.

Maigida ya ce mu kama hanyar gida. Yarinyar ce ta ce ba ta ga dorina ba tukuna. Muka sayi ƙarin barguna a Serti muka koma, kasko kuma ya ƙare hutunsa a cikin mota.

Tunda sana'ata ce, bari in buɗe muku jakar maganin da na tafi da ita. Gidan sauro na farko, don tanti ba ya hana sauro in ana shiga ana fita, sai man shafawa mai sinadarin DEET. Na ɗauki abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganin ACT irin wanda ake sha sau shida cikin kwana uku, a bi shi da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. A gwada kafin a sha, ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Sai ƙunshin ORS da zinc saboda gudawa. In ya ƙare, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan kogi komai haskensa a tafasa shi, ya yi minti ɗaya yana tafasa, masu hawa can saman tsauni sama da mita 2,000 su ba shi minti uku. Mai ciwon sukari kada ya bar insulin a motar da ke rana, kada kuma ya ɗora shi kai tsaye a kan ƙanƙara.

Tufafi ma magani ne a can. Ƙudan tsando na son shuɗi da baƙi, don haka a sa masu ruwan ƙasa, masu dogon hannu. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, yana cizo da rana, shi ke yaɗa cutar makantar kogi. Baƙon kwana uku haɗarinsa kaɗan ne, mazauna da ake cizo shekara da shekaru ne ake raba wa maganin ivermectin.

Maciji shi ne abin da na fi tsoro, don ba ni da maganinsa a jaka, kuma babu wanda yake da shi. Takalmi rufaffe, tocila da dare, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa ƙafa. In ya sari mutum kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, su kuma ƙara zubar jinin za su yi. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo da muka wuce, daga jihohi da dama ake kai mutane, kuma daga Gashaka tafiya ce mai nisa. Ki tambayi jami'ai tun ranar farko ina ne wuri mafi kusa da ke da allurar.

Saura tsargiya, kuma a nan ne sana'a da uwa suka yi gardama a raina. Ƙwayar cutar na fitowa daga wani ƙaramin dodon koɗi da ke rayuwa a ruwan daɗi, musamman kwantacce mai ciyayi, ta huda fata ba tare da an ji ba, bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari. Babu kogi ko tafkin da zan rantse miki a kansa. Saboda haka na hana wanka a kogi, ruwan wanka ma sai na dafa. Amma ranar ƙarshe da hantsi na hango yarinyar zaune a kan wani faffaɗan dutse kusa da babanta, tana jifan ruwa da tsakuwa. Can ta tuɓe takalmi ta dube ni. Wurin ruwa ne mai gudu a kan dutse, ba ciyawa. Na san abin da littafi ya ce, na kuma san watannin da muka yi ana rage mata ruwan baho. Na gyaɗa mata kai. Ta tsoma ƙafa ɗaya ta cire da sauri, ta ce sanyi, sannan ta mayar da biyun.

Ba zan ce ta warke ba. A hanyar dawowa ta sake riƙe hannuna a gadar Numan, sai dai wannan karon idonta a buɗe, har ta tambaye ni ko ruwan Gashaka ne ya iso nan. Na ce a'a, nasu sai can gaba yake shiga Binuwai ta kogin Taraba. Na rubuta a kalandar kicin ranar da za ta cika wata uku da tsoma ƙafar, in kai fitsarinta gwaji. In an ga wani abu, praziquantel ne, ana auna shi da nauyin yaro, a sha bayan an ci abinci.