Abin da Lungunan Orangi Suka Koya wa Dattijo Akhtar Hameed Khan

A shekarar 1980 mazauna Orangi, wata makekiyar unguwar talakawa da ke arewa maso yammacin birnin Karachi a ƙasar Pakistan, suka fara ganin wani tsoho yana zagaya lungunansu. Tufafinsa na saƙi ne, irin waɗanda talaka ke sawa. Yakan tsaya wurin masu buga bulo, ya ji ta bakin magina, ya zauna da dattawan unguwa, ya yi ta tambaya: wa ya yanka muku filin nan, nawa kuka gina ɗakin nan, ina ruwan wankinku yake zuwa? Bai zo da buhun shinkafa ba, bai kuma yi wa kowa alkawarin komai ba. Watanni ya kwashe a haka. Sunansa Dakta Akhtar Hameed Khan, yana da shekara 65 a lokacin, shekarun da tsaransa suka riga suka ajiye aiki suna wasa da jikoki.

Gidauniyar bankin BCCI ce ta ɗauki nauyinsa. Agha Hasan Abedi, wanda ya kafa bankin, ya so a yi wa mutanen Orangi aikin jin ƙai. Khan ya amsa, amma bisa sharaɗi: shi bincike zai yi da koyarwa, ba zai raba wa kowa kaya ba. Daga nan aka haifi shirin da duniya ta sani da suna Orangi Pilot Project. Dalilin wannan sharaɗi yana cikin rayuwar da ya yi kafin ya iso Orangi, kuma shi da kansa ya waiwayi wannan rayuwa a littafin tunatarwarsa kan shirin, wanda ya fito a 1996.

An haife shi a Agra a 1914, zamanin da Ingila ke mulkin Indiya. A 1936 ya shiga sahun manyan jami'an mulki na ƙasar, aikin da a lokacin babu abin da ɗan boko ke buri kamarsa. Aka tura shi karatu Cambridge, ya dawo aka kai shi yankin Bengal, yana riƙe da muƙami kwatankwacin na Di'o. Yana can yunwar 1943 ta auka wa Bengal, ta hallaka mutane tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Ga shi da hatimi a hannu, ga 'yan sanda, ga ikon ba da umarni, amma mutane suna faɗuwa a bakin hanya. Abin ya tsaya masa a rai. A 1945 ya ajiye aikin, ya koma wani ƙauye kusa da Aligarh, ya yi kimanin shekara biyu yana leburanci da sana'ar kwaɗo da makulli.

Darasin farko ke nan da ya riƙa komawa kansa har tsufa: kujerar mulki tana nesanta mutum daga waɗanda yake mulka. Jami'i yana ganin talaka ne ta cikin takarda, ko kuma a tsaye gaban tebur yana roƙo. Yadda talaka ke lissafin kwabonsa, da abin da yake iyawa da hannunsa, sai wanda ya zauna tare da shi kan sani.

Darasi na biyu ya fi ciwo, domin daga cikin nasara ya fito. Bayan ya koyar a Jamia Millia da ke Delhi, ya ƙaura zuwa Pakistan a 1950, ya shugabanci kwalejin Victoria a garin Comilla, wanda yau yake cikin Bangladesh. A 1959 ya jagoranci kafa cibiyar raya karkara a garin. Ya haɗa ƙananan manoma cikin ƙungiyoyin gama kai, suna tara ajiya, suna samun rance da injin ban ruwa, suna zuwa ɗaukar horo a hedikwatar gunduma. Sunan tsarin Comilla ya zagaya duniya, masana suka yi ta zuwa gani, har aka ba shi lambar yabo ta Magsaysay a 1963. Amma aikin ya jingina ne da kuɗin gwamnati da tallafin ƙasashen waje. Da aka ɗauki tsarin aka baza shi ko'ina cikin gaggawa, sai masu hannu da shuni a ƙauyuka suka mamaye ƙungiyoyi da yawa, rance ya maƙale a hannun waɗanda ba su da niyyar biya. Yaƙin 1971 ya raba Pakistan biyu, shi kuma ya bar Comilla. Daga baya ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar jihar Michigan a Amurka, yana juya abin a zuciyarsa. Abin da ya tsaya a kai shi ne, duk aikin da kuɗin wani ya ɗaga, ranar da kuɗin ya janye aikin kan bi shi.

Da waɗannan tabo biyu ya shigo Orangi.

Abin da ya gani a yawonsa ya saɓa da labarin da ake bayarwa a ofisoshin birni. An fara zama a Orangi tun tsakiyar shekarun 1960, kuma bayan 1971 'yan gudun hijira daga gabashin Pakistan suka kwararo. Dillalai ne suka yanka filayen ba da izinin hukuma ba. Mutanen da ake kira matalauta marasa galihu su ne suka gina dubban gidaje da guminsu, suna karɓar bulo bashi daga masu buga shi, suna biya kaɗan-kaɗan. Su suka buɗe makarantu, su suka kafa ƙananan masana'antu a cikin ɗakunansu. Abu ɗaya ya gagare su, wato ƙazantar lungu. Wasu gidaje da bokiti suke bahaya, mai kwasa ya zo ya zubar. Wasu sun haƙa shadda, ta cika ta tumbatsa. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana kwance a ƙofar gida, yana cin gindin katanga. Taifot, gudawa, atini, ƙazwa da zazzaɓin cizon sauro suna cinye kuɗin magidanta, suna ɗauke jarirai.

Khan ya tambayi kansa: mutumin da ya iya gina gida, me ya hana shi binne bututu a ƙofar gidan? Ya gano shinge huɗu. Na farko a zuciya yake, domin kowa ya ɗauka aikin gwamnati ne, 'yan siyasa kuma kullum suna cewa an kusa. Na biyu kuɗi, saboda farashin da hukuma da 'yan kwangila ke yankawa ya fi ƙarfin talaka. Na uku ilimin aikin: awon gangare, girman bututu, zurfin rami. Na huɗu haɗin kai, tunda bututu ba ya tsallake gidan maƙwabci.

Ya fara da farashi. Tare da ƙwararru, ciki har da masanin zanen gine-gine Arif Hasan wanda ya zama babban mai ba shirin shawara, suka warware kuɗin kwangila zare-zare. Suka tarar kaso mai yawa ribar ɗan kwangila ce da cin hanci, sai kuma ƙa'idojin gini da aka kwafo daga ƙasashen masu arziki. A lungun da babbar mota ba ta shiga, babu dalilin binne bututu da zurfi sosai. Aka sauƙaƙa ramukan duba bututu, aka ƙera mazubin ƙarfe da za a riƙa zuba musu kankare a wurin, aka rage nauyin murfi. Mazauna lungu su za su yi haƙa, ko su ɗauki birkilan unguwa. Da aka gama lissafi, ban ɗaki na zamani a cikin gida da kason gidan na bututun lungu suka tsaya a wajen rupi 1,000, abin da magidanci zai iya tarawa.

Sai batun haɗin kai, kuma a nan ne gogewar tsohon ta fi bayyana. Bai kafa wata babbar ƙungiya ta unguwa baki ɗaya ba, domin ya ga yadda masu baki da masu kuɗi ke ƙwace irinta. Ya zaɓi lungu. Lungu ɗaya a Orangi gidaje 20 ne zuwa 40, kowa ya san kowa, an san mai riƙon amana, an san mai taurin bashi. Ma'aikatan shirin, waɗanda yawancinsu 'yan unguwar ne, sukan tara mutanen lungu su yi musu bayani. In sun amince, sai su zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu ya zama wakili, ya rubuta takardar neman taimako. Shirin ya turo masu awo, a zana taswira, a ba su kiyasin siminti da bututu da lada, a ara musu kayan aiki, a kuma duba aikin yana tafiya. Da farko mutane sun yi ɗari-ɗari. Amma gani ya kori ji: da lungu ɗaya ya bushe, yara suka samu wurin wasa, sai na kusa da shi suka aiko a zo a auna nasu. A lunguna da dama mata ne suka matsa wa mazajensu, domin su ke wuni da warin, su ke jinyar yara.

Akwai doka guda da Khan bai taɓa sassautawa ba: shirin ba ya taɓa kuɗin mutane. Wakilin lungu ke karɓar karo-karo, shi ke sayo kaya, shi ke ba da lissafi ga maƙwabtansa. Kuɗin gidauniya kuwa albashin ma'aikata yake biya da bincike da kayan aro, ba a saka kwabonsa a cikin rami. Wannan ya toshe ƙofar zargi, ya kuma sa kowa ya ɗauki bututun a matsayin nasa. Wanda ya sayi abu da guminsa, in ya toshe ba ya jiran kowa. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni. Ko da bankin BCCI ya rushe a 1991, haƙa bai tsaya a Orangi ba. Gidauniyar ta ci gaba da tallafa wa ofishin da sabon suna Infaq, kuɗin lungu kuwa dama can daga aljihun masu lungu yake fitowa.

Bai taɓa cewa talaka zai iya komai shi kaɗai ba. Ya kasa aikin gida biyu. Ban ɗaki, bututun lungu da wanda ke tattara na lunguna, waɗannan na jama'a ne. Babbar magudana da wurin tace ƙazanta, waɗannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati. Shekaru da yawa bututun Orangi suna zubewa ne a kwazazzaban da ruwan sama ya yanka, daga nan ƙazantar ta nufi teku ba a tace ba. Wannan rauni ne na gaske, kuma ma'aikatan shirin sun daɗe suna bin hukumomi da taswira a hannu don a gyara kwazazzaban a rufe su. Taswirorin sun yi tasiri: a 1999 gwamnatin lardin Sindh ta soke wani rancen dala miliyan 70 na Bankin Raya Asiya da aka shirya don magudanar yankin Korangi, bayan an nuna mata hanya mafi arha.

Zuwa tsakiyar shekarun 2000, gidaje fiye da 90,000 a lunguna sama da 6,000 na Orangi sun shimfiɗa bututunsu da kuɗinsu. A sashen da aka bi diddigi, mutuwar jarirai ta sauko daga wajen 130 cikin kowane 1,000 zuwa ƙasa da 40 cikin kimanin shekara goma.

Sauran ayyukan ma daga sauraro suka tsiro. Aka koya wa masu buga bulo yadda za su inganta shi da inji. Tawagar mata ma'aikatan lafiya ta riƙa shiga gidaje, tana tara matan lungu a gidan ɗaya daga cikinsu, ana maganar rigakafi, tsafta da tazarar haihuwa. Aka tallafa wa makarantun da 'yan unguwa suka kafa. A 1987 aka fara ba masu ƙananan sana'o'i rance, kuma a nan ma dattijon ya sha tuntuɓe. Wasu daga cikin rancen farko sun faɗa hannun 'yan damfara da masu ƙarfa-ƙarfa. Bai ɓoye ba, ya rubuta asarar a rahotannin shirin, ya bambanta wanda ya ƙi biya da gangan da wanda sana'a ta karye masa, sannan aka koma zaɓen masu karɓa a tsanake, bisa shaidar waɗanda suka san su. Wannan halin na rubuta kuskure a fili yana cikin abin da ya fi nanata wa matasan da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Cikin matasan akwai Perween Rahman, wadda aka haifa a Dhaka, ta shigo shirin a farkon shekarun 1980 tana sabuwar gama karatun zanen gine-gine. Ita ta jagoranci sashen bincike da horarwa na shirin. Ta horar da samarin unguwa awo da zana taswira, ta tattara bayanan tsofaffin ƙauyukan da birnin Karachi ya haɗiye domin mazaunansu su samu takardun mallaka, ta kuma bankaɗo yadda ake satar ruwan birni ana sayarwa da tanka. Ranar 13 ga Maris 2013 'yan bindiga suka harbe ta a hanyarta ta komawa gida daga ofis. Abokan aikinta sun ci gaba da zanen.

Malamin nata bai ga wannan rana ba. Ya rasu ranar 9 ga Oktoba 1999 a birnin Indianapolis na Amurka, inda ya je ziyarar iyalinsa, yana da shekara 85. Aka ɗauko gawarsa zuwa Karachi, aka binne shi a harabar ofishin shirin, a cikin Orangi, tsakiyar lungunan da ya fara zagayawa shekara 19 kafin nan.