Lokoja: Inda Na Je Neman Aiki Saboda Uwargida

Ranar da takardar sauyin wurin aiki ta iso wa maiɗakina daga Kano zuwa Lokoja, zaɓi biyu ne a gabanmu: ko ta ajiye aikin da ta shafe shekara goma sha biyu tana ginawa, ko ni in nemi abin yi a can. Wasu abokai suka fara yi mini kirarin mijin-ta-ce. Ban tanka musu ba, na ɗauki takarduna na kama hanya wata biyu kafin tashinmu.

Matafiyi daga Abuja yakan san ya kusa garin idan ya haye gadar Murtala Muhammed da ke Jamata. Daga nan sai zafi mai ɗanshi, wanda gumi ba ya bushewa a cikinsa, ba irin zafin Kano ba. Washegari na hau Dutsen Patti, na hango inda kogin Kwara da na Binuwai suke haɗuwa. A ƙasa kuwa ga Nufawa, Igala, Ibira da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya. Tun 1991 garin yake hedikwatar Jihar Kogi, amma tarihinsa ya girmi jihar nesa ba kusa ba. Nan Turawa suka kawo Sarkin Kano Alu bayan sun ci birnin a 1903, nan kuma ya rasu a 1926. Na tsaya a bakin kabarinsa na yi addu'a, ina tunanin cewa shi an kawo shi ne bisa tilas, ni kuwa da ƙafata na zo, amma ina ƙorafi.

Makarantu uku na shiga da takarduna. A biyu aka ce babu gurbi. A ta uku wani dattijon malami ya zaunar da ni, ya ce, "Dakta, kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka nemi hutun shekara guda da jami'arku ke ba wanda ya cika shekara shida yana koyarwa, ka zo ka yi shi a nan. Idan sun ga aikinka, maganar sauyin wurin aiki za ta zo da sauƙi." Ya kuma gargaɗe ni kada in kama haya a bakin kogi, domin ambaliyar 2012 da ta 2022 sun cinye gidaje da dama.

Shawararsa na bi, kuma har yanzu ban san abin da zai biyo bayan shekarar ba. Sai dai tafiyar ta sa na ƙirga mata nawa na sani da suka bar aiki ko karatu suka bi miji wani gari, ba tare da an tambaye su me suka rasa ba. A cikin danginmu kaɗai na ƙirga bakwai, har da mahaifiyata.